Cornelius da Mai Gadin Rijiyar Farin Dutse

Duk safiya, kafin masu shayin Birnin Kudu su gama hura wuta, za ka ga Cornelius ya ɗaure jakar kwamfuta a bayan babur, yana shura kik yana yi wa babur ɗin faɗa. Aikinsa gyaran ƙananan na'urorin da ke kunna rijiyoyin burtsatse masu sola, daga Kiyako har Maruta. Bana ya ce gwiwa ta gaji, zai huta. Kafin ya ajiye jakar, bari a ji abin da mutanen Farin Dutse suka gani da idonsu.

Na'urar rijiyarsu ta tsiro da wani hali: duk mako sai ta sandare, ruwa ya ɗauke. Ƙwaƙwalwarta ba ta fi rumbun gwauro ba, ga wani abu yana cinye wurin. Cornelius ya saka mata manhaja mai gadi, wadda ke rubuta duk wurin da aka ara a ƙwaƙwalwar, don a gano wanda ba ya mayarwa. A shago ya gwada, mai gadi ya ce lafiya lau. Da aka mayar ƙauye, matsalar mako-mako ta koma ta kullum.

Laifi ya faɗa kan Inna Zuwaira, tsohuwar da ke riƙe da makullin rijiyar. Malam Dogara, shugaban kwamiti, ya ce ranar Juma'a za a karɓe shi.

"Hannunta ne da nauyi," in ji shi. "Inji ai ba turmi ba ne."

Inna ta shiga ɗaki ta sha kuka, don makullin nan shi ne mutuncinta a garin.

Cornelius ya kwance ya ɗaura, ya canja waya, har ƙadangare ya zarga. Da dabara ta ƙare, sai ya zauna gindin darbejiya ya zuba ido. Bokiti ya cika, Inna ta kashe. Aka miƙo tulu, ta kunna. Ko moɗa aka kawo, sai ta kunna ta kashe.

"Inna, me ya hana ki bar shi a kunne?"

"Ya zuba a ƙasa? Ɗan nan, ni da na sha ruwan kududdufi tare da kwaɗi? Ko ɗigo ban yafe ba!"

Cornelius ya dafe kai. Shi a shago sau ɗaya yake kunnawa. A nan kuwa duk kunnawa mai gadi sai ya rubuta, ba ya gogewa, har rubutunsa ya cika rumbun. Ya umarce shi ya riƙa share tsohon rubutu, nan take ya nuna ɓarawon asali: wani layin umarni a cikin na'urar da ke riƙe wuri duk lokacin da aka kashe. Shi ma ya gyara shi.

Da wani ne, da ya gyara shiru ya hau babur. Shi ya jira aka sauko daga masallacin Juma'a, ya tsaya gaban jama'a.

"Ba laifin Inna ba ne. Ni na ajiye mai gadi, shi kuma ya cika rumbun da tarkacensa."

"To a kore shi mana!" in ji Malam Dogara.

"An sa shi azumi, Malam."

Kai ne, Cornelius, ka ɗora laifi a kanka ba wanda ya tilasta ka, don tsohuwa ta ɗaga kai a garinsu. Mun gode, Allah Ya ba gwiwa lafiya. Masu tasowa, ku koyi zama gindin bishiya, ku koyi cewa "ni ne".

Makullin yana nan ɗaure a bakin zanen Inna, kuma har yau ba ta yafe ɗigo ba.