Takalmin da Usur Ya Ajiye a Kwali

Ranar Litinin, uku ga Maris, shekara tara ke nan, aka kawo mana sabon masinja a ofis. Ya shigo da fayil a hammata, da usur rataye a wuya. Kafin a tashi aiki sunansa ya koma Usur.

Burinsa ɗaya ne: ya zama alƙalin wasan ƙwallo mai takarda. Ba a ba da takardar sai mutum ya zaga fili sau bakwai cikin minti goma sha biyu, shi kuma saura shekara biyu ya wuce shekarun ɗauka. Ya roƙe ni in riƙa duba masa agogo bayan aiki. Na ware littafi guda, na ja layuka.

Makon farko ya yi zagaye biyar. Mako na huɗu, shida. Mako na shida, huɗu, da ɗingishi.

Ya ce, "Malam Akawu, diddigen nan ne. Da safe in na sauko daga gado kamar na taka ƙusa."

Na duba littafina. Akwai layin da nake rubuta abin da ya sa a ƙafa, kuma duk abu ɗaya ne: baƙin takalmin ofis da ƙasansa ya cinye.

Na ce, "Kai ba ka da kambas ne?"

"Ina da shi, sabo fil. Yana kan sif cikin kwali. Na ranar jarrabawa ne."

Na raka shi asibiti. Matarsa ta biyo mu da kwalin, ta dire shi gaban likita.

Ta ce, "Likita, ga shi nan. Kullum sai ya goge shi ya mayar. Ko ni ba a lallaɓa ni haka."

Likita ya yi dariya, ya hana shi gudu mako shida. Ya ce ya riƙa miƙe jijiyar ƙafar kowace safiya, yana murza tafin a kan kwalbar ruwan sanyi, in ya dawo fili kuma da kambas ɗin zai dawo.

Jarrabawar shekarar ta wuce shi. Ya yini bai busa usur ba.

Da shekara ta zagayo, damarsa ta ƙarshe, ya yi zagaye bakwai da saura daƙiƙa ashirin. Har yau masinja ne a ofishinmu, ranar Asabar kuma yana alƙalancin wasa. Kambas na biyar yake sawa yanzu. Kwalin farko matarsa na zuba zare da allura a ciki.