Sanusi, Wanda Ya Nema wa Tsohuwar Ordinatar Wurin Ajiya

Kullum da safe, ina cikin zuba ƙosai a mai, sai in ji tarin tsohon moton Sanusi ya shigo layinmu na Banifandou. Ya jingine shi, ya ce, "Inna Kadi, mun tashi lafiya?" Ya karɓi ƙosansa, ya shiga sibar, shagon intanet ɗin da nake suya a ƙofarsa, ya duƙa bayan ordinatoci, wato kwamfutoci, yana hure musu ƙura. Haka na san shi tun kansa baƙi wuluk. Yanzu ido ya gaji, ya ce zai koma Maradi. Ni kuwa bakina bai gaji ba, ba zai tafi ban tona shi ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ga fari, hatsi ya gagari talaka a kasuwar Katako, samari suka watse neman abinci. Abdou, ɗan maƙwabciyata Tabawa, ya tsallaka Libiya. Ciwo ya kwantar da Tabawa, ba ta roƙon komai sai ta ga fuskar ɗanta. Ordinatar ɗaya ce mai kamera a sibar, ita ma tsohuwa irina. Da an kira Abdou sai na'urar ta sandare, ta fito da wani rubutun faransanci, shi ke nan. Mu riƙo Tabawa mu kai ta, mu dawo da ita ba ta ga kowa ba.

Na tare Sanusi. "Kai, aljanu ne a ciki?"

"Ba aljanu, Inna. Faifanta ne ƙarami."

Ya ce na'urar bisa ɗan faifai take aiki. In ya cika, sai ta ajiye saura a wata kusurwa cikin rumbunta, ta riƙa ɗaukowa. Ƙarfen da zai faɗaɗa faifan, irin nata ya ɓace a kasuwa. Dabara ɗaya ta rage, a ƙara mata kusurwar. To, rumbun kuwa a cike yake maƙil.

Da me, in ji ku? Da bidiyon bikin matan unguwa. Duk wadda ta aurar da ƴa sai ta kawo a ajiye mata nan, wai ya fi akwati aminci. Na Hajiya Saratu kaɗai ya cinye rabi, don har ragunan biki sai da aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mai sibar ya ce a goge kawai. Sanusi ya ce shi ba ya goge abin mutum bai tambaye shi ba. Ya bi gida gida cikin zafin rana, yana kwashe wa kowace nata a sede, ɗan farantin nan mai ƙyalli na kallon bidiyo, yana miƙa mata a hannu. Hajiya Saratu ta ƙi.

"Sede karcewa yake. In ya lalace, wa zai ga kayan ɗakin ƴata?"

"Hajiya, in yi miki biyu."

"Uku."

"To, uku. Tabawa ce ke jira."

Ina tsaye bakin ƙofa, wai na zo aron turmi. Da Hajiya ta ji sunan sai ta ce, "Goge, ɗana."

Ya ware wa na'urar kusurwa mai faɗi, ya kashe ta, ya kunna. Ya ce kada mu sa ran sauri, zuwa rumbu ba kamar kai hannu faifai ba ne. Gaskiyarsa. Abdou ya fito yana motsi kamar mai tafiya cikin taɓon shinkafar Saga, amma hoton bai tsaya ba. Tabawa ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ɗora yatsa bisa gilashin ta ce, "Kai wannan, ka rame. Ba sa ba ka tuwo?" Ya yi dariya, sai da bakinsa ya rufe dariyar ta iso. Sanusi ya fita wai zai duba motonsa. Moton ba abin da ya same shi.

Tabawa ba ta kai kaka ba. Amma ta ga ɗanta.

Sanusi, ɗan Maradi mai sanyin hannu, kai ne ka tambayi kowa kafin ka taɓa abinsa, a shekarar da ba mai tambayar talaka komai. Na gode maka, unguwa ta gode. Ku kuma masu gyaran waya na yanzu, da kun ga ta cika sai gogewa, ku je ku gaishe shi kafin ya hau mota, ku koyi tambaya.

Allah ya ba idonka sauƙi. Ƙosanka na gobe yana nan. Hajiya Saratu kuma ta ce in gaya maka sedenta duka ukun suna aiki.