Sojan da Ke Cewa Sannu

A bakin titin Kurmin Mashi, Delu mai awara tana kallon Kiristoci suna kwaikwayon ranar da aka gicciye Yesu. Idonta na kan wani siririn mutum da ya fito a soja: hular kwali, takalmin zuwa ofis, bulalar igiya. Hannun nan nasa, da gani alli ya saba riƙewa. Duk bulalar da ya tsula wa mai ɗauke da gicciyen, sai ya raɗa masa, "Sannu."

"Bawan Allah, ka ji tsoron Allah mana!" in ji Delu.

Ya ce, "Ai Shi ya tsara haka, Iya. In Yesu bai mutu ba, wa zai ɗauke mana zunubi?"

Sai ya ɗaga bulala, ya runtse ido, ya zabga wa katakon gicciyen.