Ƙanne Nawa Gare Ki?

Tana zaune a ƙarshen bencin masu jiran jirgin ruwa a Wara, da farin takalmi irin na ma'aikatan jinya, waya dab da bakinta. Muryar Bature ce ke jefo mata tambayoyi daga wayar, tana amsawa da Turanci. Ina jin jarrabawar baka take wa shiri, irin wadda in an ci ake samun aikin asibiti a ƙasar waje.

Babur ba ya wucewa ba ta waiwaya ba. In biyu suka taho a jere, har jakarta take rungumewa.

"Ɗiyata, 'yan kabu-kabu ne fa," in ji mai soyayyen kifi da ke gefenmu.

"Na sani, Inna."

Amma idonta na kan hanyar daji.

Muryar ta tambaye ta garinsu. Ta ce gari ne mai zaman lafiya, ta faɗa ba gargada, da ji ka san hadda ce. Sai aka ce ƙanne nawa gare ta.

"Uku," ta ce. Sai ta gyara. "Biyu."

Ta goge amsar, ta sake daga farko. Har jirgi ya iso Turancin bai gagare ta ba. Adadin ne ta kasa tsayarwa.