Kwanon Dambu

Ina Turai na taɓa kai wa maƙwabciyata dambu. Ta leƙo, ta yi ta tambayar abin da ke ciki kamar guba na kawo. Washegari na tarar da kwanona a bakin ƙofa, wayam. Ban ƙara ba.

Da na dawo Rijiyar Lemo, na aika wa tsohuwar malamarmu da ke Sabon Gari irin wannan dambun. Kafin la'asar sai ga ta da kanta, kwanon cike da gwaten acca, tana faɗa: "Ke, kin dawo, sai kwano ne zai gaishe ni?"

Masu cewa na yi wautar dawowa gida, su je su ci a wancan kwanon na Turai.