Hoton da Ba Ya Fita daga Ɗakin Inna

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar muka kama hanya daga Kano, ni da maiɗakina da 'yarmu ƙarama, wadda aka ɗauko daga gado aka sa a mota ba ta ma san an yi ba. Masu bin wannan shafi sun san ba na tafiya ba kyamara, amma wannan karon ba sha'awa ce ta fitar da ni ba, aike ne. Mahaifiyata Hajiya idonta na hagu ya riga ya rufe, likita kuma ya ce na daman ma ya kama hanya. Ranar da muka dawo daga asibiti, da na zo yi mata sallama ta ce, "Ina so in ga fuskar Baffa tun ina gani."

Baffa mahaifinta ne. Hotonsa guda ɗaya ne tak, yana rataye a ɗakin yayarta, wadda muke kira Inna, a wani ƙauye gaba da Farin Dutse a ƙasar Gwaram. Shekara da shekaru Hajiya tana aikawa a ba ta aronsa, Inna tana cewa a'a, har gaisuwar waya ma ta yi ƙaranci tsakaninsu. Dabara ɗaya ta rage mini, in je in ɗauko hoton wannan hoto da kyamarata.

A Wudil muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an aiko masa da wani abu. Abin da na biya a gidan mai kuwa ba zan faɗa ba, kada in ɓata muku safiya. Daga Kwanar Huguma gari ya waye sosai, ga damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, ko'ina kore shar. Ina tuƙi ina jin haushin kowane hoto da nake wucewa.

Da muka shiga Birnin Kudu na hango duwatsun nan, na tuna da zanen mutanen da da ake cewa yana jikinsu, na ce mu ɗan ratse ko na rabin awa. Maiɗakina ta ce, "Malam, Hajiya ba zanen dutse ta aike ka ba." Na haƙura. Muka sayi goro da sabulu da sukari na tsaraba, da gasasshiyar masara, wadda 'yarmu ta ci sannan ta dawo da ita kan jakar kyamarata kafin mu yi nisa a hanyar Gwaram.

Inda kwalta ta ƙare nan taswirar waya ta fara hauka. Ta ce in yi dama, daman kuwa gonar dawa ce. Can sabis ya ɗauke gaba ɗaya, ta bar ni da ɗigo shuɗi a tsakiyar fili. Wani dattijo a kan keke na tambaya, tun kafin in gama kwatance ya gane gidan, har ya gaya mini Inna ta yi zazzaɓi makon jiya amma ta warware. Sau ɗaya muka kafe a taɓo, manoma huɗu suka ajiye fartanya suka tura mu. Ladan da suka nema shi ne in ɗauke su hoto, su gani, su yi wa juna dariya.

Mun isa gab da azahar, bayana kamar an daka. Na ɗauka zan gaisa in fiddo kayan aiki. Ina! Ruwa tukuna, sai fura da nono, sai aka zaga da ni gida-gida gaida dangi, kowane gida kuma sai an tambayi Kano da mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Muka dawo na tarar da tuwon dawa da miyar kuka yana jirana. Ina ci ina leƙen gabas, inda hadari yake haɗuwa yana cinye mini haske.

Sai bayan la'asar na shiga ɗakin. Duhu ne, taga ɗaya ƙarama. Hoton yana sama da gado, baƙi da fari, danshin shekaru ya manne takardar da gilashin, ba halin cirewa. Na ce, "Inna, bari in fita da shi tsakar gida, minti biyar kawai."

Ta ce, "Ɗan nan, tun ranar da aka fita da mai shi daga gidan nan, hoton nan bai ƙetare ƙofar ɗakin nan ba. Ba kuwa yau zai fara ba."

Na gwada da filasha, gilashi ya mayar mini da farin haske a daidai fuskar. Na gwada da tocilan, na durƙusa, na hau kujera, gumi yana zuba. Kayan da nake cika muku baki da su a shafin nan duk suka zama kaya kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tunanin abin da zan gaya wa Hajiya. Maiɗakina ce ta ce, "Inna, to ke ki riƙe shi da hannunki, ki tsaya a bakin ƙofa." Inna ta sauko da shi da kanta, ta goge shi da gefen zaninta. Ta tsaya ƙafafunta a cikin ɗaki, hoton a ƙirjinta yana kallon waje. Na yi ta dannawa har ɗigon ruwan sama na farko ya sauka a wuyana.

Tana mayar da shi bango, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Idon nata da sauƙi?" Na ce da sauƙi, kamar yadda ake cewa.

Nan muka kwana, sauro ya yi bikinsa. Da safe Inna ta ƙulla daddawa da kuka ta ce a kai wa Hajiya. Dawowa ba abin labari, taɓo ne da ramuka da kukan yarinya, muka shiga Kano da yamma ko takalmi ban iya cirewa da kaina ba.

Ranar Litinin na zauna gaban kwamfuta. Na yanke hannuwan Inna daga gefe, na zuba hoton a manhajar nan ta gyaran tsofaffin hotuna da na yaba muku kwanakin baya. Cikin ƙiftawar ido ta fito da shi fes, ba tabo ba ƙarce. Na kai aka wanke mini babba, na nufi wajen Hajiya ina jin kaina.

Ta kai shi dab da idonta na dama, ta daɗe, sannan ta ajiye. "Wannan wane ne?" Na ce Baffa ne mana. Ta ce, "Baffa ba bille? Ina billensa?" Ashe manhajar ta ɗauki tsagar da ke kumatunsa a matsayin ƙarcen takarda, ta share. Ni ma da ban taɓa ganinsa da rai ba, ban lura ba. Kunya ta rufe ni. Na buɗe kwamfuta na nuna mata na asalin, da dishi-dishinsa da komai, na ƙara masa girma.

"Yauwa," ta ce a hankali. "Ga Baffa." Ta shafa billen da yatsa, hawaye yana bin idon da yake gani da wanda ba ya gani. Sai yatsan ya gangara gefe, ya tsaya kan hannun da yake riƙe da hoton, jijiyoyi duk a waje.

"Hannun Yaya ne wannan? Haka ta rame?"

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: manhaja ba ta san kakanka ba, kuma abin da na yanke don hoto ya yi kyau, shi ne rabin abin da ya kamata in kawo. Na janye yabon da na yi wa manhajar. Na gaji, bayana har yau bai saki ba, motar tana wajen bakanike. Amma Hajiya ta ce in gaya masa ya hanzarta, domin akwai sauran fuska ɗaya da take so ta gani tun tana gani, kuma wannan ba ta yarda a kawo mata a takarda ba.