Haruffan Ƙuli-ƙuli

Ni sai da haƙorana suka fara zuba na koyi boko. Ajin yaƙi da jahilci ne a Gwarzo, duk tsofaffi, kowacce na ɓoye littafinta cikin hijabi kamar sato shi ta yi. Don haka in ana zagin mai jinkirin karatu, na san inda abin ke yi masa ciwo.

Jikata da nake riƙo, 'yar ɗana na fari, ta kai aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi biyu ba. Yarinyar da in an biya mata sura sau biyu ta haddace, in an aike ta da saƙo bakwai ba ta mance ko ɗaya. Amma a buɗe mata littafi, sai ta yi tsuru-tsuru.

"Kaka, haruffan nan tafiya suke yi."

"Ina za su? Kabo cin kasuwa?"

Nan fa likitoci suka fito, don a unguwarmu kowa likitan ɗan wani ne. Maƙwabciyata ta ce kambun baka ne. Wata gwaggonta daga Kara ta aiko a hana ta ƙanzo, wai shi ke toshe kai. Malamin ajinsu kuwa maganinsa ɗaya ne tak, bulala, safe da rana kamar ƙwayar asibiti. Rubutu ma ta sha shi, har na ce in da ciki ke karatu da tuni ta zama alƙali. Malamin da ke yi mana rubutun, wani dattijo a Mainika, shi ya gaya mini gaskiya: "Hajiya, addu'a mun yi, Allah ya karɓa. Saura a zauna a koya mata."

Sai uban ya zo ran wata Juma'a, da bironsa uku jere a aljihu, ya yanke hukunci.

"Inna, in aka yi hutu ba ta iya ba, a cire ta. Ta zauna ta taya ki suya."

Tana bayan ƙyaure tana ji. Ranar ba ta ci abinci ba, sai na same ta tana ta wanke kayan makarantarta da ba su yi datti ba.

Allah ya jefo mana wata sabuwar malama 'yar Kabo. Ta biyo yarinyar har gida, ta ce abin yana da suna a Turanci, ta faɗa, dogo kamar sunan maganin hawan jini. Ba daƙiƙanci ba ne, in ji ta, ba kuma ciwon ido ba. Wasu haka Allah ya halicce su, harafi na rikice musu. A daina duka, a bi da kaɗan-kaɗan, hannu ya taya ido.

Hannu? To ni sana'ata ƙuli-ƙuli. Washegari ina matse mai, na gutsuro tunkuza na miƙa mata.

"Mulmula mini harafin da ya fi ba ki wahala."

Kullum biyu muke yi. Ta mulmula, ta shafa ta ji ta gefen da cikinsa ya turo, ta faɗi sautinsa, mu soya. In ta gane shi bayan ya fito daga mai, nata ne. In ba ta gane ba, ni na jiƙa shi na ci da dasashina. Unguwa ta ɗauka, wai tsohuwa ta rikice, boko take soyawa. Maƙwabciyar nan mai cewa kambun baka ne ta leƙo dariya, ta tafi da soyayyiyar kalma guda a bakin zaninta.

Kada a ce na yi ƙarya, ba dare ɗaya ta iya ba. An yi kuka, ni ma na yi masifa, na tuba, na sake.

Ranar hutu uban ya zo ya zauna a tabarma. Ta ɗora yatsa a littafi, tana tafiya kamar mai tsallake rafi da tulu, gumi na zuba. Layi shida ta yi, sai ta cije a wata kalma, ta tura masa littafin.

"Baba, wannan fa?"

Ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Sai ya hau laluben aljihu, wai ya mance tabarau.

Ni na haife shi. Bai taɓa mallakar tabarau ba.

Nan take na tuno shi yana ƙarami, a tsakar gidan nan, yana ce mini haruffa rawa suke yi, ni kuma ina bin sa da muciya. Ni da a lokacin ko alifi na boko ban sani ba, ni ce mai dukan daƙiƙi.

Na karanta mata kalmar, ta ƙarasa shafin.

"A bar ta ta ci gaba," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Da zai fita, sai ya tsaya a gaban farantin tunkuza, ya waiga ya ga babu kowa sai mu.

"Inna, wannan mai tumbin, ta ina ake fara shi?"

Na ce, "Ajiye biro, je ka wanko hannu."